Siririyar Albasar Matata

A bayan kicin ɗinmu, tsakanin famfo da katanga, akwai ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma ba. A nan matata ta dasa albasarta. Ba irin albasar da kowa ya sani ba ce, mai kai, mai sa hawaye. Wannan ba ta yin kai, ganyen kawai ake ci. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya, mulmulalle, da rami a cikinsa daga sama har ƙasa, kuma a cunkushe yake fitowa wuri ɗaya kamar gashin buroshi. In aka ƙyale ta sai ta yi ƙananan furanni shunayya, dunƙule-dunƙule. Wata abokiyar aikinta ce ta ba ta 'yan tsirarun saiwoyi a gwangwanin madara, tun 'yarmu Auta tana goye. Littattafan lambu suna da dogon sunan da suke kiranta da shi. Ita kuwa matata, Siririya take ce mata, kuma ban ga abin da dogon sunan ya fi wannan da shi ba.

Matata ba ta taɓa jin tausayinta ba. Da safe za ta fita da almakashin kicin, ta cika hannu da ganyen, ta datse shi ƙasa-ƙasa, ta yayyanka a kan soyayyen ƙwai. Wurin sai ya koma kamar kan da mai aski ya fara ya tafi cin abinci. Kafin ka ankara ya sake cikowa. Duk bayan 'yan shekaru kuma takan tone dunƙulen gaba ɗaya, ta yayyage shi da hannu, ta mayar da kashi ɗaya ƙasa, sauran ta rarraba wa maƙwabta. Ni nake riƙe mata buhu. Maƙwabtan kuwa, Allah ya ba su lada, babu wanda bai kashe nasa ba.

Da ta rasu, ƙanwarta ce ta karɓi ragamar baƙin cikin gidan. Auta tana kiranta Inna, ni ma na bi bakin yarinya. Inna irin mutanen nan ce da ba su yarda an yi rashi ba sai sun ga an kafa doka. Ita da kanta ta ɗebo bulo ta kewaye Siririya, ta rufa mata ragar waya, sannan ta buɗe durowar kicin ta ɗauke almakashin ta jefa a jakarta.

"Daga yau ba mai sa ƙarfe a jikin abin da hannun Yaya ya dasa," in ji ta.

Auta ta gyaɗa kai tana share hanci. Ni ma na bi su. A kwanakin nan ko cewa aka yi a daina buɗe taga, ba zan yi musu ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta. Duk Asabar su biyun suna zuwa duba ni, su tabbatar ban mutu ban gaya musu ba. Auta ta shige kicin ta wanke kwanukan da na riga na wanke, Inna kuma ta zarce bakin famfo ta cika bokiti. Wata Asabar ina zaune ina karatu na jiyo muryarta.

"Jan Biro! Fito ka ga ikon Allah!"

Sunan da ta laƙa mini ke nan tun ina neman yayarta. A maɗaba'a na yi aiki, ina bin rubutun mutane da jan biro ina kamo musu kuskure kafin a buga. Aiki ne da ba a gode maka sai ranar da ba ka zo ba.

Na fito na same ta tsaye, hannu a ƙugu, tana kallon cikin bulon kamar wadda aka haifa wa jika.

"Dubi yadda ta yi kore shar," ta ce. "Ko a zamanin Yaya ba ta taɓa yin kyau haka ba. Wallahi kamar tana ji."

"Tana ji mana," na ce. "Ciyawa ce. Ba abin da ciyawa take ji kamar ruwan banza."

Na daɗe da lura. Aya-aya ce, muguwar ciyawar nan mai ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi a ƙarƙashin ƙasa, haɗe da juna da wani zare mai tauri kamar waya. Ta ƙarƙashin bulon ta shigo. Ragar Inna ta hana hannu shiga, ba ta hana ciyawa ba. Ita kuwa Siririya, da aka daina yanka ta aka daina raba ta, sai ta cunkushe ta shaƙe kanta. Tsakiyarta ta ruɓe ta yi sanƙo, aya-aya ta mamaye sanƙon. Abin da ya rage na gaske 'yan sili kaɗan ne ta gefen famfo, sun koɗe, sun kwanta kamar masu jinya.

"Wace ciyawa? A'uzubillahi! Auta, zo ki ji ubanki."

Auta ta leƙo ta tagar kicin, hannunta duk kumfa.

"Baba, don Allah. Yau ma?"

"Yau ma me?"

"Kai komai sai ka samo masa kuskure. Makon jiya takardar maganinka ka yi wa gyara."

"Ba a rubuta ta daidai ba."

"To wannan ba takarda ba ce. Shukar Umma ce."

"Shukar Umma tana ciki, ana shaƙe ta, ku kuma kuna ba mai shaƙewar ruwa. Fito ki gani."

Na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙorafin da suka saba. Na zura yatsu ta kafar ragar na tsinko ganye biyu, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga gefen famfo.

"Ga shi ka taɓa!" in ji Inna.

"Ƙarfe kika hana. Wannan farce ne. Rufe idonki."

"Ni? In rufe ido a gabanka? Ka ga na yi kama da wadda ta gaji da duniya?"

Duk da haka ta rufe. Inna ba ta iya barin abu ya wuce ta. Na sa mata na tsakiyar a hannu.

"Murza shi tsakanin yatsunki."

"Ba ya murzuwa."

"Ba zai murzu ba. Shimfiɗaɗɗe ne, da ƙashi a bayansa kamar takardar da aka ninke. Shinshina."

"Ƙanshin ganye."

Na karɓe na sa mata ɗayan. Tun kafin in ce komai na ga ya mirgina a yatsunta kamar zare. Ta kai hanci ta shinshina. Na tsinke shi biyu na ce ta buɗe ido ta leƙa ramin da ke cikinsa.

"Abu uku ne," na ce. "Ya mirgina, ya zama da rami, ya yi ƙanshin albasa. In ɗaya ya ɓace, ba ita ba ce. Akwai 'yar'uwarta mai shimfiɗaɗɗen ganye da farin fure, amma ita ƙanshin tafarnuwa take yi. Wannan da kike wa hidima ba ta da ƙanshin kowa."

Inna ta juya ganyen biyu a tafin hannunta, ta zumɓura baki.

"To wancan namijin ne. Wannan macen."

"Na karanta littafin lambu har bangonsa ya fita, Inna, ban ga inda aka ɗaura musu aure ba."

Auta ta fito tana goge hannu a zani. Ta karɓi na gasken, ta murza, ta shinshina. Na ga fuskarta ta canza, na kau da kai. Na san abin da ta ji. Ƙanshin yatsun uwarta ne da safe.

"To," ta ce a hankali, "na yarda. A cire ciyawar da hannu. Ni zan yi, sannu-sannu, ɗaya bayan ɗaya."

"Ki cire ganyen, ƙwayar tana ƙasa tana dariya. Inda kika tsinke ɗaya, biyu za su fito. Hanya ɗaya ce. A tone ta duka, a wanke saiwar, a tsince ciyawar, a raba ta, a dasa a sabuwar ƙasa. Sannan a aske ta."

"A aske ta?"

"Ƙwal."

Inna ta dafe ƙirji. Auta ta dube ni irin kallon da ake yi wa mutumin da ya yi dariya a wurin gaisuwar mutuwa.

"Baba, kayanta an raba. Ɗakinta ka cika shi da littattafai. Wannan kaɗai ya rage a gidan nan mai rai wanda hannunta ya taɓa."

"Ni fa?"

"Kai ai ka daɗe da bushewa," in ji Inna.

Auta ba ta yi dariya ba.

"In ka tone ta ta mutu a hannunka, ba zan iya sake shigowa gidan nan ba. Ba fushi ba ne, Baba. Ba zan iya ba ne kawai."

Halin uwarta ta ɗauko: ba ta yin barazana, labari take bayarwa tun kafin ya faru. Don haka na san abin da ke gabana. In na ƙyale Siririya, ba za ta ga ƙarshen zafin bana ba, amma mutuwa ce marar mai laifi, kuma Inna za ta ci gaba da ba ciyawa ruwa har abada, kowa ransa fes. In na tone ta, mai yiwuwa ne ƙwarai ta rayu. In kuwa aka yi rashin sa'a, na yi asarar albasa da 'ya a rana ɗaya. Yawancin mutanen kirki na farkon suke zaɓa. Na yi aiki da su, na ga yadda suke barin kuskure ya tafi bugu don kada a ce su suka taɓa shafin.

"Asabar mai zuwa zan tone ta," na ce. "Da safe, kafin rana ta yi zafi. Na faɗa muku ne don kada a ce na yi a ɓoye. Inna, ki zo da almakashin."

A cikin makon na yi shiri. Akwai tsohon bahon wanki da gindinsa ya huje, wanda na daɗe ina cewa zan yar. Na ƙara masa huji da ƙusa, na zuba tsakuwa a ƙasa. Na samo ƙasa daga can gaban gida inda aya-aya ba ta kai ba, na tankaɗe ta da tsohuwar rariya, na gauraya da yashi da busasshen taki. Siririya tana son ruwa, amma ba ta son ƙafarta ta kwana a cikinsa. Tana kuma son rana, ita ce kaɗai buƙatar da take da girman kai a kanta, don haka na ja bahon zuwa inda inuwar katanga ba ta kaiwa. Jajiberin ranar na jiƙa cikin bulon sosai don ƙasar ta yi laushi.

Ba su taɓa zuwa da wuri kamar ranar ba. Inna ta jawo kujera ta zauna, jaka a cinya, kamar mai jiran a karanta hukunci. Auta ta tsaya a ƙofar kicin, hannuwa a harɗe.

Na ɗage ragar, na kwashe bulon na jera a gefe. Na kafa shebur nesa da dunƙulen, na zagaye shi, sannan na danna na ɗaga. Saiwoyi suka yi ƙarar da suke yi, kamar ana yaga tsohon ƙyalle.

"Innalillahi," in ji Inna. "Yaya, ki yafe mana."

"Yayarki da hannu take yaga ta, tana waƙa."

Na kifar da dunƙulen a kan buhu, gindin ya kalli sama. Baƙaƙen ƙwayoyin aya-aya sun cika shi tam, zarensu ya sarƙe ko'ina kamar raga. Can a gefe guda, a matse, ga 'yan fararen gindayen Siririya, sirara, kowanne da ɗan gemunsa na saiwa. Auta ta sauko daga ƙofar ta matso.

Na tsoma dunƙulen a babbar roba cike da ruwa na fara girgiza shi, ƙasar tana saki. Daga nan aikin ya koma na yatsu, kuma yatsuna sun daɗe da yin ritaya ba su sanar da ni ba. Na kama wani zare na ja, sai ga farin gindi ɗaya ya ɓalle biyu a hannuna.

"Baba!"

"Ɗaya ne."

"Nawa ne duka da za ka ce ɗaya ne? Matsa. Kana yi kamar mai figar kaza."

Na matsa. Auta ɗinki take yi, tana da ɗan shagonta, kuma rabin rayuwarta ta ƙare ne wajen warware ɗinkin da wasu suka ɓata. Ta tattare zani ta zauna a kan bulo, ta zura hannu a ruwan.

"Wanne ne wanne?"

"Fari mai gemu namu ne. Baƙi mai waya, jefa a bokiti. In kin yi shakka, bi shi sama zuwa ganyen ki murza."

Ba ta ja komai ba. Bin zaren take yi da farce har inda ya shiga, ta sassauta, ta zare shi ta baya, kamar mai cire ɗinkin da aka yi a kan siliki. Bokitin ya yi ta cika. Inna ta jawo kujerarta kusa ba tare da ta yarda ta jawo ba.

"Ga wani can, Auta. Ta hagunki. Baƙi ƙirin, ɗan banza."

"Namijin ne," na ce.

"Kai dai Allah ya shirye ka."

Da aka gama, Auta ta jera abin da ya tsira a kan buhu. Bai fi cikin hannu ɗaya ba. Ta dube shi, ta dubi bokitin da ya cika da ciyawa har yana zuba.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Da mun ƙara mata wata daminar, da ko wannan babu. Inna, almakashi."

"Ban zo da shi ba."

"Tun da kika zauna kike rungume da jakar nan kamar za a ƙwace."

"Baba, dole ne?" in ji Auta. Muryarta ta yi ƙasa. "Dubi yadda ta wahala. Ka bar mata ganyen mana, ko ta samu abin numfashi."

"Saiwar ta ji rauni. Ba za ta iya shayar da dogon ganye ba ta kuma kama sabuwar ƙasa a lokaci ɗaya. In kika bar mata shi, a kansa za ta ƙare. Ganye ba shi ne ita ba. Ita ce wannan farin."

Auta ta daɗe tana kallon buhun. Sannan, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Inna, ba shi."

Inna ta buɗe jakar. A nannaɗe yake cikin farin hankici, an goge shi, har mai aka shafa masa a gaɓa. Na karɓa. Hannunsa na roba har yanzu yana da ɗan ƙonewar da ya yi ranar da matata ta manta shi a gefen murhu. Na tattara ganyen a hannu ɗaya, na auna yatsa biyu daga farin, na datse.

Ƙanshin ya tashi ya cika bayan kicin. Inna ta sunkuya ta tsince ganyen da ya zube, ta naɗe shi a hankicin da almakashin ya fito, ta mayar jaka. Almakashin kuwa ya koma durowar kicin.

Na raba abin da ya rage kashi uku. Ɗaya na dasa a bahona. Ɗaya na sa wa Auta a gwangwanin madara da na huda da ƙusa. Na ukun na miƙa wa Inna, ita kuwa ta ce sam, nata a inda Yaya ta dasa za a mayar.

"Ƙasar nan cike take da ƙwayar aya-aya," na ce. "Ko na tankaɗe ta sai wasu sun tsere."

"A nan Yaya ta sa ta."

"Kasonki ne."

Ta dasa da hannunta, ta mayar da bulo, ta mayar da raga. Na juya ga Auta.

"Inda rana take. Ki sa yatsa a ƙasar, in kin ji ta bushe ki ba ta ruwa, in da danshi ki ƙyale ta. Kada ki kashe ta da kirki."

Ta karɓi gwangwanin da hannu biyu. Abin da ke ciki bai yi kama da komai ba, 'yan guntayen tsinke ne a tsaye a cikin laka. Ba ta dube ni ba.

"Sai an jima, Baba."

Ba ta ce in sha magani ba, ba ta ce in daina karatu a duhu ba. Ta fita kawai.

Asabar ta zagayo, Inna ta zo ita kaɗai.

"Ta ce aiki ya yi mata yawa."

"Na ji."

"Ka gani ko? Da ka bar abu yadda yake."

Ta wuce bakin famfo. Cikin bulonta har ya fara tsiro, kore, mai ƙyalli, tsaye ƙyam. Ta kira ni in gani. Daga inda nake tsaye na ga ƙashin da ke bayan ganyen.

"Tawa ta riga taka," ta ce. "Albarkar wurin Yaya ke nan."

"Murza ki ji."

"Ba zan murza ba. Kishi ne."

Bahona kuwa shiru. Bakin guntayen ya bushe ya yi rawaya, wasu sun lanƙwashe. Ban ƙara ruwa ba, ban tona in duba ba, ban ja bahon nan da can ba. Na san abin da ke faruwa a ƙasa: saiwa ce take neman wurin zama, kuma ba ta buƙatar ɗan kallo. Abin da na yi kawai shi ne na mayar da kujerar karatuna bayan kicin. Hasken wurin ya fi kyau, in wani ya tambaya. Ba wanda ya tambaya.

Wata Asabar ta sake zuwa, Inna ta sake zuwa ita kaɗai. A wannan karon ba ta kawo uzurin aiki ba. Ta wanke kwanukan da na riga na wanke, abin da ba ta taɓa yi ba, kuma shi ya fi ba ni haushi.

Wata safiya na sunkuya zan sa yatsa a ƙasar bahon, sai na ga guntayen sun ɗaga. Busasshen bakin yana sama, amma a ƙarƙashinsa ga kore sabo yana turo shi. A tsakaninsu kuma ga wasu sababbi fil, masu tsini kamar allura, sun fasa ƙasa. Na tsinki ɗaya da farce, na murza, ya mirgina. Na shinshina. Na koma na zauna na buɗe littafina, na karanta shafi guda har sau nawa ban san abin da ya ce ba.

Ban kira Auta ba. Ba bahona ne zai dawo da ita ba. In na ce mata tawa ta rayu alhali tata ta mutu a gwangwani, na ƙara mata ciwo ne kawai. Maganar tana kan tata shukar, kuma na san abin da na sa a gwangwanin nan. Fararen da suka fi ƙiba na zaɓar mata.

Auta ta zo ne a ranar da ba Asabar ba, da hantsi, lokacin da ya kamata a ce tana shago. Na ji ƙarar ƙofar gida, na ji takunta ya wuce falo bai tsaya ba. Ta fito bayan kicin rungume da gwangwanin, kamar yadda ta tafi da shi. Ganyen ya cika bakinsa ya miƙe, kore mai duhu, yana rawa in ta taka.

Ta ajiye shi kusa da bahon. Muka tsaya muna kallonsu.

"Taki ta fi tawa," na ce.

"Tagar shagona ta fi nan rana." Ta gyara gwangwanin da ƙafa. "A motar haya wani ya ce mini, Hajiya, ciyawa kike yawo da ita? Na tsinka masa na ce ya murza."

"Ya mirgina?"

"Har ramin na nuna masa. Ya ce in sayar masa."

Ta juya ta kalli cikin bulon Inna, inda aya-aya ta sake yin kore shar har tana leƙowa ta raga.

"Ita fa?"

"Akwai sili biyu ko uku na gaske a ciki. In ta tafi nakan ɗaga ragar in rage musu maƙwabta. Sauran na bar mata."

Auta ta yi ɗan murmushi, na farko tun ranar shebur. Ta shiga kicin. Na ji ta buɗe firji, na ji ta ja tsaki a kan abin da ta gani ko abin da ba ta gani ba, na ji ta fasa ƙwai a kwano.

"Baba, ka sha maganinka?"

"Na sha."

"Ƙarya kake. Yaushe ake fara yankanta?"

"In ta kai taƙi guda. Taki ta kai."

Na ji ƙarar durowa. Ta fito da almakashin mai ƙonannen hannu, ta durƙusa gaban gwangwanin, ta tattara ganyen a hannun hagu. Ta sa bakin almakashin can sama, kusa da tsini, inda ba zai ji zafi ba.

"Ƙasa," na ce.

Ta sauko kaɗan.

"Ƙara ƙasa."

"Baba!"

"Uwarki ba ta barin fiye da yatsa biyu."

Ta ɗora yatsunta biyu a kan ƙasar gwangwanin, ta sauke almakashin har ya taɓa su, ta datse.